Ba Laifin Tele Ba Ne

Tsoho Hamajam ya kawo tele a bayan moto,
ya dire ta ƙofar shagona, nan Yalwa ta Garwa.
Ya ce, "Duba min, hoton ya lalace.
Fuskar Asta Jumba duk ta yi layi-layi,
da kuwa sumul take, kamar bayan ƙwai."

Na kwance kusoshi, kyankyasai suka watse,
na taɓa nan, na auna can,
ko waya ɗaya ba ta saki ba.
Daren Laraba ne, sai muka jira takwas.
Wuta ta yi mana kara, ba ta tafi ba.

Ga ta nan a kujerarta.
Ɗauri ya ɗan karkata hagu, kamar kullum,
tabarau a ƙarshen hanci.
"Jama'a, ku matso kusa," in ji ta,
kuma, wallahi, sai da benci ya matsa.

Ladifa mai kifi ce ta fara:
"Wannan hoda! Ko ragon ruwa
ba na yi masa gari haka kafin ya shiga mai."
Nasuru ɗan moto ya ce, "Ta tashi mana.
Ina goye na fara jin muryar nan,
yau ni ma ina da na goye.
Kujera ce ko gadon gida?"
Bobbo tela bai ji kalma ɗaya ba,
yana can yana jimamin kafaɗar rigarta:
"Wanda ya ɗinka wannan, Allah ya isa."

Wani daga duhu ya ce, "Ba ta barin baƙo ya kai aya.
Kuma tun da aka rataya mata lambar yabo
haƙoranta suka daina kama ƙashi."
Ba wanda ya musa.
Har ni na ɗan sunkuyar da kai.

Sai Gwaggo Dudu ta ajiye bokitin zoɓo.
"Shekarar da Binuwai ya shigo mana ba sallama,
muka kwana a aji, tabarma ɗaya mu tara,
wa ya zaunar da mai kwat a wannan kujera?
Ta tambaye shi buhunan shinkafa da Faransanci, ya zille.
Ta sake da Fulatanci, ya yi tari.
Ta maimaita da Hausa, sannu-sannu,
kamar mai ba yaro magani.
Ya shanye ruwan kofinsa, ya shanye nata.
Kwana uku, sai ga mota.
Ranar, wane launi ne ɗankwalinta?
Ku faɗa mini, tunda ku masu ido ne."

Shiru. Mai yana ƙara a kaskon Ladifa.
A cikin gilashi Asta tana cewa wani likita,
"Ban gane ba, sake faɗa,"
alhali ta gane sarai,
don mu take tambaya.

Hamajam bai tanka wa kowa ba.
Ya ce da ni, ƙasa-ƙasa,
"Makon da ta fara shirin nan na ɗaura aure.
Tare muke kallo da Inna Haɓɓa,
ita ke cewa ɗaurin ya karkata.
Bana shekara huɗu nake kallo ni kaɗai."

Nan wuta ta tuna halinta, ta ɗauke.
Na kunna tocila.
Baƙin gilashi ya dawo mana da fuskokinmu,
tasa a gaba, tawa a bayan kafaɗarsa.
Ya daɗe yana duba.
Ya shafa goshi, ya shafa gefen baki.

"Ashe layin ya kai har nan," ya ce.
"Nawa ne kuɗinka?"

Na ce sefa ɗari biyar,
kuɗin korar kyankyasai.